Tsakanin Dutsen Michika Da Kogin Binuwai

Duk wanda ya san ƙasar Michika ya san ba ƙasar jirgin ruwa ba ce. Duwatsu ne jere bisa jere, waɗanda ake kira duwatsun Mandara, sun miƙe a kan iyakar Nijeriya da Kamaru. Mutanen wurin kuwa, watau Kamwe, waɗanda baƙi suka saba kira Higi ko da yake su ba su cika son sunan ba, abin da suka gada tun kaka da kakanni shi ne su jera duwatsu a jikin gangare su tare ƙasa, su shuka dawa a 'yan matakalan da suka samu. Ruwan da ke zuba musu da damina ba ya tsayawa. Gangarawa yake yi ya faɗa Kogin Yedzaram, wanda ya biyo ta Mubi ya nufi arewa, ya bi ta Bama yana neman Tafkin Chadi, da rani kuwa sai ya koma yashi, yaro ma ya tsallake shi da ƙafa. Saboda haka in an ce ga ɗan Michika ya yi suna a soja, ko a kasuwa, ko a mulki, ba wanda zai ɗaga kai, gama ƙasar ce ta fitar da Buba Marwa wanda ya riƙe Jihar Legas daga 1996 zuwa 1999, da Boni Haruna wanda ya yi gwamnan Adamawa daga 1999 zuwa 2007. Amma in an ce ga ɗan Michika ya kwashe kusan shekara 40 yana kwana a cikin jirgi a kan Kogin Binuwai, to, sai an tsaya an sake tambaya.

To, akwai shi, kuma fari ne ya kore shi daga gida. Damina biyu a jere, ta 1983 da ta 1984, ba su yi albarka ba a ƙasashen arewa, rumbunan kan dutse suka yi ƙasa, uban ya dubi 'ya'yansa maza ya ce babba ya tsaya a gona, mai bi masa ya tafi ya nemo abin sawa a baka. A cikin 1985 ke nan, yana ɗan saurayi, ya hau bayan babbar mota ya biyo ta Uba da Hong da Gombi da Song ya sauka a Jimeta, lokacin Yola tana babban birnin Jihar Gongola. Ba shi da takarda, ba shi da jari, sai ƙarfin kafaɗa, don haka ya gangara bakin kogi ya shiga dako. Can ne wani dattijo Bakabe, irin mutanen Kabi ɗin nan da suka daɗe suna bin manyan koguna da su da fito, ya lura da wani abu. In yaran gari suka loda wa jirgi kaya sai ya karkata, amma in wannan yaron ya loda sai jirgin ya zauna daram a kan ruwa. Ya kira shi ya ce, "Yaro, wa ya koya maka jera kaya haka?" Ya ce, "Baba, ba wanda ya koya mini. Dutse muke jerawa a gida." Wanda ya saba ɗora dutse a kan dutse ba tare da laka ba, har katanga ta tare ƙasar gangare ruwa bai ture ta ba, ya riga ya san inda nauyi ke so ya zauna. Da wannan aka ɗauke shi, alhali kuwa ko iyo bai iya ba.

Kogin da ya shiga ba ƙaramin kogi ba ne. Binuwai ya taso daga tsaunukan Adamawa ta cikin Kamaru, ya biyo ta Garwa ya shigo Nijeriya, ya wuce Jimeta, ya karɓi Kogin Gongola a Numan, ya bi ta Lau da Ibi da Makurɗi, kana ya haɗu da Kwara a Lokoja, tafiyar kusan kilomita 1,400. A bakinsa Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya tsaya a 1851 a daidai inda Kogin Faro ke shigowa. A 1854 Baikie ya hau shi da jirgin da ake kira Pleiad. Ta kansa kuma sojojin Ingila suka zo suka ci Yola a 1901, zamanin Lamiɗo Zubairu. Daga nan shekaru masu yawa jiragen kamfanoni suna hawowa har Garwa suna kwasar gyaɗa da auduga, amma sai a cikin 'yan watannin da ruwa ya cika, domin da ya fara janyewa dole su juya da sauri, in ba haka ba yashi ya riƙe su har wata shekara. Wannan zamani ya wuce, motoci sun karɓe kayan. Dokar dai ba ta sake ba: kogin shi ke yanke wa mai jirgi ranar aiki da ranar zama, ba ya kuwa shawara da kowa.

Shekara 12 ya yi a ƙarƙashin dattijon nan kafin ya mallaki nasa jirgin. Jirgin katako ne dogo, mai faɗin ciki, an toshe haɗin katakansa da tsumma da kwalta, yana da rumfa a tsakiya, da can ta zana, yanzu ta tamfol. Abin da yake ɗauka kuwa duk abin da aka samu ne: itacen wuta, yashin gini, buhunan masara da shinkafa shanshera, kwandunan bandar kifi, wani lokaci awaki da masu su. Yana da inji a gindin jirgi, amma abin da ya fi daraja a wurinsa shi ne wani babban ƙyalle da aka ɗinka da buhuna, wanda ake ɗagawa a jikin doguwar gora iska ta tura jirgi. Mai karatu zai iya cewa ina amfanin ƙyalle a kogi mai gudu. Amfaninsa kuwa babba ne. Binuwai yamma yake gangarawa, ya ɗan karkata kudu, iskar damina kuwa daga kudu maso yamma take tasowa, watau tana hura wa kogin a fuska. Saboda haka mai jirgi in zai gangara sai ya bar wa ruwa aikin, in zai hawo kuma sai ya ɗaga ƙyalle iska ta yi masa dako. Da hunturu abin ya juya, iska ta zo daga arewa maso gabas ta bi bayan ruwa, hawowa ya zama sai da inji, ko da gwangwala ana dogarawa a ƙasa daga hantsi har la'asar, kafaɗa tana wuta.

Zaman cikin jirgi ba shi da wani abin burgewa, sai dai yana da tsari wanda ba a karya shi. Da asuba, kafin kowa ya sa wani abu a baki, sai an kwarfe ruwan da ya tsattsafo cikin dare, gama babu jirgin katakon da ba ya yoyo, bambanci kawai tsakanin mai yoyo kaɗan da mai yoyo da yawa ne. Murhu yana can baya, rabin ganga ne aka cika da yashi aka kafa duwatsu uku a kai, don kada wuta ta taɓa katako. Tuwo da miyar kuka, kifi in yaran jirgi sun jefa birgi sun dace da tarwaɗa ko kurungu, shayi in akwai sukari. Tufafi a cikin jarka da aka yanke wa baki, takardu da kuɗi a cikin leda uku, ɗaya cikin ɗaya. Da magariba a nemi tsibirin yashi a kafa turke a ɗaure, nesa da ciyawa saboda sauro, nesa da inda aka ga sawun dorina. Sa'an nan a kunna rediyo. Dare ɗaya cikin biyar ko shida, in hadari ya taso, ba a yin barci ko kaɗan, ana riƙe da igiya ana kwarfa har gari ya waye. Mutumin da bai taɓa ganin Binuwai ya yi raƙuman ruwa da tsakar dare ba yakan ɗauka zancen masu jirgi ƙari ne.

Duk wannan mai sauƙi ne, jiki yana sabawa. Abin da bai taɓa daidaituwa ba a tsawon shekarun nan shi ne lissafin watanni. Kogi yana da nasa lissafin, dutse yana da nasa, kuma dukansu biyu ruwan sama ɗaya suke jira. Daga Agusta zuwa Oktoba ne Binuwai ke cika, jirgi ya ɗauki cikakken kaya ya shiga har bakin gonaki, hanyoyin mota na ƙauyukan fadama su yanke, kowa ya koma neman mai jirgi. Abin da mutum zai ci a shekara, a nan yake samun mafi yawansa. To, a daidai wannan lokaci ne kuma, tun daga Yuni, gonar kan dutse ke neman hannu: ga noman farko, ga maimai, ga katangar da marka ta rushe wadda in ba a tashe ta cikin kwana biyu ba ƙasar da kakanni suka tara za ta bi rafi. Ana gayya, kowane gida ya kawo namiji. Gidan da ya aiko da kuɗi maimakon mutum, ana karɓa, a sayi abin sha a raba, amma ana rubuta shi a zuci. Da ruwa ya fara janyewa a Nuwamba, sai kifi ya taru a tafkuna da kududdufai, banda ta yi yawa, amfanin gonar fadama ya fito yana neman mai kai shi kasuwa, a can gida kuwa dawa ta nuna ana jiran masu yanka. Sai Disamba, watan da 'yan Michika ke dawowa daga Legas da Kano da Abuja, a yi bukukuwan aure, a yi taron dangi, a ƙirga wanda ya zo da wanda bai zo ba.

Lokaci ɗaya tak kogin ke sakinsa da daɗin rai, watau daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da ruwa ya ƙafe har jirgi mai kaya ba ya wucewa. A nan yakan jawo jirgin kan tudu, ya sauya katakon da ya ruɓe, ya bar yaro ɗaya yana gadi, shi kuwa ya tafi gida ya yi mako biyar ko shida. Yakan tashi katangun gonar tun kafin ruwan fari, kuma ba wanda ya taɓa cewa aikinsa bai yi kyau ba. Sai dai bazara ba lokacin ganin mutum ba ne. Ba biki, ba girbi, rumbu ya yi rabi, zafi ya hana hira. Zuwan da ya fi tsawo shi ne wanda aka fi saurin mantawa, kwana biyun da bai zo ba a Disamba kuwa su ake tunawa har shekara ta kewayo. A nan, gaskiya, dangi ba su yi masa adalci ba. Amma shi ma ba a wanke shi sarai ba, domin akwai shekarun da ruwa bai hana shi komai ba, tsoron kashe kuɗi ne da tsoron bakin mutane, sai ya aika a ce kaya sun riƙe shi a Lau. Mai jirgi yana da uzurin da ba wanda zai iya bincikawa daga kan dutse, kuma uzuri irin wannan yana da daɗin ɗauka.

Abin da ya fi ci masa rai a Jimeta ita ce gada. Hanyar da ta nufi Girei da Song da Mubi da Michika a kanta ta bi, shi kuwa ta ƙarƙashinta yake wucewa. In ya ɗaga kai yana ganin motocin gida, ya san su da irin kayan da aka ɗaure musu a sama.

Da ya yi aure, 'yar ƙauyensu ya auro, ta zo ta zauna da shi a cikin jirgi shekara huɗu. Ita ma ba ta san ruwa ba, amma ta koyi tuƙa tuwo jirgi yana rawa, ta koyi ɗaure ɗan fari da zane a ƙugu ta haɗa da ginshiƙin rumfa don kada ya rarrafa ya faɗa. Da yaron ya isa makaranta sai ta ce, "Baban yara, ruwa ba ya ba da satifiket." Aka kama ɗaki a Jimeta. Tun daga ranar gidansa ya zama uku: jirgi inda yake nema, ɗakin haya inda iyalinsa suke, da gidan ubansa inda sunansa yake. Kowane ɗaya yana ganin ɗayan biyun sun cinye masa rabo. In ya sauke kaya ya kwana biyu a Jimeta, yara sai sun ɗauki yini guda kafin su sake da shi, ranar da suka sake kuma ita ce ranar tashi. Hausa suka tashi da ita, da 'yar Fulatancin unguwa. Harshen Kamwe suna ji, ba sa mayarwa, in an je gida kakarsu ta yi musu magana sai su dubi uwarsu.

A 1996 uban ya rasu, cikin watan Satumba, ruwa ya kai maƙura. Aka ba wani direba saƙo ya kawo bakin kogi, a lokacin kuwa jirgin yana can ƙasa wajen Ibi. Saƙon ya bi daga bakin wannan mai jirgi zuwa bakin wancan, ya same shi bayan kwana tara. Tsohon mutumin gargajiya ne, an yi masa irin jana'izar da Kamwe ke yi wa dattijo, wadda maƙera ke ɗaukar gawa, dangi na nesa da na kusa su taru kwanaki ana makoki, kowane ɗa yana da wurin tsayawarsa. Nasa wurin ba kowa. Da ya iso an riga an watse. Ya durƙusa gaban ƙanen uwarsa ya ce, "Kawu, saƙo bai same ni da wuri ba." Kawun ya daɗe bai amsa ba, can ya ce, "Na sani, ɗana. Ba wanda ya ce ka ƙi zuwa. Amma mutane ba saƙo suka gani ba, wuri suka gani." Ya yi duk abin da ake yi na bayan makoki, ya kashe abin da ya tara a daminar nan kaf, aka ce ya kyauta. Har wa yau in gardama ta tashi a gidan, akwai mai tuna masa.

Sai ga wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, ta ɗauki 'yan shekaru ta kai bakin kogi da kan dutse. Kowa ya ce wahalar masu nisa ta ƙare. Ta wani fanni haka ne: yana jin muryar uwarsa daga tsibirin yashi, mai kaya yana kiransa kafin ya iso, yana aika kuɗin magani a yini ɗaya, ga ɗan faifan hasken rana a kan rumfa yana yi masa caji. Amma wayar ta ƙwace masa abu guda da bai san darajarsa ba sai da ya rasa, watau jinkirin labari. Da can in labari ya zo a makare, kogi ne ya yi laifi. Yanzu labari yana zuwa tun mara lafiya yana numfashi, jirgi kuwa yana ɗauke da buhu 200 na wani, tafiyar kwana uku daga inda za a sauke. Ba ya iya barin amanar mutane a bakin daji ya hau mota, ba ya kuma iya cewa bai ji ba. Abin da a da ƙaddara ce ke yanke masa, yanzu shi ke yankewa da bakinsa, kowa yana saurare. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, waya kuwa ta gaggauta kunne ne kawai, ƙafar tana nan yadda take.

Kogin ma ya sake hali. Tun da Kamaru ta gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, cikarsa da janyewarsa ba a hannun sama kaɗai suke ba. A 2012 aka saki ruwa, ya ci garuruwa da gonaki tun daga Adamawa har kudu, a 2022 aka sake. A irin wannan shekara mai jirgi yana kwasar mutane da tumakinsu dare da rana, rabin aikin ba a biya, ba kuwa zancen zuwa gida.

Amma shekarar da ta juya masa lissafi duka ita ce 2014. A farkon Satumba 'yan Boko Haram suka kama Michika, a ƙarshen Oktoba suka kama Mubi. Mutane suka watsu, wasu suka hau duwatsu suka faɗa Kamaru, wasu suka yi kwanaki a daji suna neman hanyar Yola. An buɗe sansanoni a Damare da Malkohi, majami'u da masallatai suka cika, amma mafi yawan masu gudun a gidajen 'yan'uwa suka sauka. Mutumin da aka shekara kusan 30 ana cewa ba ya zuwa gida, sai ga gida ya zo masa gaba ɗaya, ba takalmi. Ɗakin hayan nan guda da rumfar ƙofarsa suka ɗauki mutum fiye da 20. Ya bar wa mata da ƙananan yara ɗakin, ya kwashe maza da samari ya kai su jirgi suna kwana a kan buhuna, wansa babba a cikinsu, wanda tun da aka haife shi bai taɓa kwana a kan abin da ke motsi ba. Damina ce mai cikar ruwa, aiki yana nan, shi ya ciyar da su. Samarin suka shiga dako, biyu daga cikinsu har suka koyi riƙon gwangwala. Ba wanda ya ambaci 1996 a cikin watannin nan.

Uwar ta ƙi zuwa bakin kogi sam, ta ce ita ba kifi ba ce. Sai bayan wata biyu, wata asuba, ta sa jikanta ya kama mata hannu ta gangaro ta zauna a kan wani kututture. Ta tarar da ɗan nata a tsugune a cikin jirgi yana kwarfar ruwa da rabin jarka, ya gama ya bi haɗin katako ɗaya bayan ɗaya da yatsa, inda ya ji danshi ya cusa tsumma ya buga. Ta tambaya ko jirgin ya lalace ne. Ya ce, "A'a, Mama, kullum haka ake yi." Ta yi shiru tana kallo, irin kallon da take yi wa katangar gona bayan ruwan dare, can ta ce, "Ashe kai ma gona gare ka." Ba ta shiga jirgin ba, ba ta kuma sake zuwa ba.

A Janairun 2015 sojoji suka ƙwato Michika, mutane suka fara komawa kaɗan kaɗan, suka tarar da gidaje a ƙone, rumbuna wayam. Ya raka su, ya yi wata uku a can, mafi tsawon zaman da ya yi tun yana saurayi, ya yi jinka, ya tashi katanga, ya sayar da injinsa ɗaya ya sayi iri da awaki biyu. Mai karatu zai zaci daga nan magana ta mutu. Ba ta mutu ba, ta yi barci ne shekara biyu ko uku. Da rumbuna suka cika, aka koma ƙirga wanda ya zo da wanda bai zo ba, domin alherin da aka yi wa mutum yana gudun hijira ba abin da yake son a riƙa tuna masa ba ne. Uwar ta rasu a cikin wani watan Afrilu, yana gida, yana riƙe da hannunta. Wasu suka ce tsohuwar ta san watan da kogi ke sakin ɗanta, shi ta jira.

Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, ƙyallen buhun nan da yaran jirgi ke yi wa dariya ya dawo da martabarsa. Yanzu ba ya tada inji sai iska ta kwanta ɗif, ko a wurin da ruwa ya matse. Ribar tana nan, amma tafiyar da ake yi a kwana biyu ta koma huɗu, kwanakin da aka ƙara kuwa daga rabon Jimeta da rabon Michika aka cire su. Ɗansa na fari, wanda aka taɓa ɗaurewa a ginshiƙin rumfa, ya gama sakandare bai sami aiki ba, ya dawo jirgi, kuma ya fi uban sanin ruwa, gama shi a ciki aka haife shi. Dutse ne bai sani ba. An kai shi gonar kakansa ya ɗora duwatsu biyar, na shida ya rushe su duka, 'yan'uwansa suka yi ta dariya.

Maganar da ke gabansa yanzu ta gonar ce. Wansa ya tsufa, gwiwa ta ƙi, 'ya'yan wan kuwa su suka riƙe matakalan da ke rabonsa shekara da shekaru, su ke nomewa, su ke tashin abin da marka ta rusa. Sun aiko a cikin ladabi cewa ko dai Baba ƙarami ya dawo ya zauna ya riƙe abinsa, ko ya turo ɗansa, ko kuwa a taru gaban dattawa a bar wa masu noma. Ba su faɗi abin da ba daidai ba. Shi kuwa ya san in ya saki gonar, ranar da ƙarfinsa ya ƙare ba shi da abin komawa sai ɗakin haya, 'ya'yansa kuma za su zama baƙi masu zuwa gaisuwa a garin ubansu. In ya koma, ya bar wa yaro ɗan shekara 20 da wani abu jirgi da amanar mutane da bashin katako. Matar ta ce ita dai ba za ta koma ɗaukar ruwa a ka zuwa kan dutse da wannan shekarun ba. Ya roƙi a ba shi zuwa Disamba, aka ba shi.

Kafin nan akwai lodi uku na shinkafa da ya karɓi kuɗin kafin alƙalami a kansu, daga wajen Lau zuwa Jimeta. Ya sauke na farko, na biyu yana cikin jirgi. Iskar damina ta fara rauni, da safe har an fara jin ƙanshin hunturu, tsibiran yashi kuma sun soma leƙowa a ƙasa da Numan. Ya ce wa ɗan su tashi tun kafin asuba, kuma a wannan karon yaron ne zai jera kayan.